Yadda ake karɓar diyyar inshora idan ruwa ya ɓata gida a arewacin Kamaru da Cadi

Da yawa daga cikin masu inshorar gida a Garwa, Marwa, Ngaundare da Njamena ba ra'ayin kansu ne ya kai su ba. Banki ne ya gindaya sharaɗin lokacin ba da bashin gini, ko kamfanin da ya kama hayar gidan ya nema. An sa hannu, an biya, an jefa takardun cikin durowa. Sai ranar da silin ya rufto maigida ke gane bai san abin da ya saya ba.

Kamaru da Cadi doka ɗaya suke bi a harkar inshora, wato kundin CIMA. An ƙulla yarjejeniyarsa a Yawunde ranar 10 ga Yuli 1992, ya fara aiki a 1995, yau ƙasashe 14 ke amfani da shi, har da Nijar. Najeriya ba ta ciki. Shawarar ɗan'uwanka na Yola ko Mubi kan wa'adi da ƙa'ida ba lallai ta yi maka aiki a nan ba, haka ma yawancin abin da za ka karanta a intanet da Faransanci, domin don mutanen Faransa aka rubuta shi. Abu biyu ke yanke hukunci a kan maganarka: kundin CIMA da kwantiragin da ka sa wa hannu. Kamfani kuwa abin da ka iya nunawa a takarda da hoto shi zai biya.

Awa ta farko

Ka fara da wuta, kafin ruwa. Ka kashe babban makunni daga wajen mita, da busasshen hannu, kana tsaye a busasshen wuri. In ruwa ya riga ya kai inda mitar take, kada ka taɓa, ka kira mai wayarin. Bayan nan ka rufe ruwa daga mita, ka rufe na tankin sama shi ma, don mutane kan manta cewa tankin zai ci gaba da zuba ko an rufe na titi. A fitar da yara da tsofaffi daga duk ɗakin da silinsa ya yi ciki. Silin da ya sha ruwa ba ya ba da sanarwa.

Sannan ka ɗaga waya ka yi hoto kafin kowa ya ɗauki tsintsiya. Wannan shi ne abin da ya fi wuya, domin uwargida da yara sun riga sun fito da bokitai, maƙwabta sun shigo taimako, cikin ɗan lokaci an share shaidar gaba ɗaya. Ka roƙe su su dakata na 'yan mintuna. Ka yi bidiyo tun daga ƙofar gida yadda za a gane gidan naka ne, ka bi ɗaki-ɗaki kana faɗin ranar da lokacin da bakinka. Ka ɗauki inda ruwan ke fitowa, kusa-kusa. Ka jingina ma'auni ko sanda a bango ka ɗauki layin da ruwa ya tsaya. Firji, talabijin, injin ɗinki, kowanne ka juya shi ka ɗauki lambar da ke manne a bayansa. Ka ɗauki mitar ruwa, lambobinta su fito sarai. Ka tura hotunan zuwa wayar wani, ko waya ta faɗa ruwa ba a yi biyu-babu ba.

Daga nan sai ceto. Kwantiragi kan ɗora maka nauyin hana ɓarna ƙaruwa: a ɗaga kaya, a kwashe ruwa, a shimfiɗa tamfol kan rufin da ya buɗe, mai gyaran famfo ya toshe yoyon. Duk wannan ka yi, ka karɓi rasit. Abin da ba za ka yi ba shi ne gyara na dindindin. Kada a yi yaɓe, kada a yi fenti, kada a sauke silin a sa sabo. Guntun bututun da ya fashe, in an yanke shi, ka sa a leda ka ajiye. Katifar da ta jiƙe da kafet mai wari ka fitar da su tsakar gida ko ƙarƙashin rumfa, amma kada ka ba mai bola har sai wanda kamfani zai turo ya gan su. In dole ne a zubar da wani abu saboda lafiya, kamar hatsin da ruwan kwata ya shiga, a yi masa hoto, a ƙirga buhunan a gaban shaida.

Daga ina ruwan ya fito?

A nan ake cin shari'ar ko a faɗi, don haka ka zauna ka karanta takardunka a daren nan. Kashi biyu ne: ɗan littafin sharuɗɗan da kowa ke samu, da 'yan shafukan da ke ɗauke da sunanka, adireshin gidan, kuɗin da aka yi wa inshora da jerin abubuwan da ka saya. Ka nemi layin da aka rubuta dégâts des eaux, wato ɓarnar ruwa. In babu shi a shafukan da ke da sunanka, mai yiwuwa inshorar gobara kaɗai gare ka, maganar ta ƙare tun ba a fara ba. Ka duba kuma rasit na kuɗin shekara. Tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 na kundin a 2011, inshora ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta. Zamanin "rubuta mini, zan kawo ƙarshen wata" ya wuce.

Abin da wannan layi ya saba ɗauka shi ne ruwan cikin gida da ya kuɓuce ba zato: bututu ya fashe a bango, tankin sama ya cika ya yi ta zuba saboda ƙwallon da ke tsayar da ruwa ya lalace, injin wanki ko na dumama ruwa ya ɓalle. Akwai kuma wanda kowa ya sani a garuruwanmu. An ɗauke ruwa kwana biyu, wani ya murɗa famfon banɗaki ya ga ba komai ya tafi ya bar shi a buɗe, ruwa ya dawo da tsakar dare kowa na barci, da asuba ƙafa ta sauka daga gado cikin tafki. Irin wannan galibi yana shiga, ko da yaro ne ko mai aiki ya bar famfon, domin abin da doka ta hana biya shi ne ɓarnar da mai inshora ya yi da gangan. Amma wasu kwantiragi sun ce in za ka bar gida babu kowa na wasu kwanaki, dole ka rufe ruwa daga mita. Mai tafiya Umara ko hutun ƙarshen shekara ya nemi wannan layin ya karanta.

Ruwan sama kuwa kala-kala ne a idon kamfani. Wanda ya tsiyayo ta rufin kwano ko ta rufin siminti, kwantiragi da yawa na biyan abin da ya ɓata a ƙasa, silin da fenti da kaya, amma ba sa biyan gyaran rufin kansa. Haka bututun da ya fashe: kuɗin sabon bututu naka ne, ɓarnar da ruwansa ya yi ita ce tasu. Kuɗin fasa tayil ko bango don neman inda yoyo yake, wasu na biya har zuwa wani iyaka, wasu ba sa biya. In iskar farkon damina ce ta yaye kwano sannan ruwa ya shiga, wannan wani layi ne daban, na guguwa, sai ka duba ko ka saye shi. Ruwan da ya shigo ta tagar da aka bari a buɗe, da danshin da ke hawa bango daga ƙasa shekara da shekaru, da indararon da ya toshe da ganye ba a share ba, waɗannan kusan kullum a ware suke, ana ce musu rashin kula.

Sai babbar magana, ambaliya. Mutumin Kusiri ko Yagwa ko unguwannin Njamena da ke bakin Shari da Logon, ko na Garwa da ke kusa da Binuwai a ƙasan madatsar Lagdo, da ya ji "ɓarnar ruwa" abin da ke zuwa masa a rai shi ne 2012, 2022 da 2024. Kamfani ba haka yake fassara ta ba. Ruwan da ya taso daga kogi, ko mayo, wato rafin damina, ya cika ya tsallako, ko na titi da kwata ya kwararo ta ƙofa, yawanci ba ya cikin wannan layi sai an saye shi daban an rubuta inondation, wato ambaliya, ɓaro-ɓaro. A Faransa dokar 1982 ta haɗa bala'o'in yanayi da inshorar gida kai tsaye, shi ya sa shafukansu ke magana kamar abin a hannu yake. A nan sai abin da takardarka ta ce. A ganina dillalin da ya sayar wa mutumin bakin kogi inshorar gida bai buɗe baki ya faɗa masa wannan ba, ya ci amanarsa, ko da doka ba ta kama shi ba.

Duk da haka kada ka yanke wa kanka hukunci. Sashe na 8 na kundin CIMA ya ce duk wani sharaɗin da ke ware wani abu ko ya soke haƙƙinka ba ya aiki sai an rubuta shi da haruffan da suka fito fili sosai. Sashe na 11 kuma ya ce warewar ta zama bayyananniya mai iyaka. Ka kai sanarwa, su ne za su nuna maka layin da suka dogara da shi.

Sanarwa, a rubuce

Kwantiraginka ya faɗi wa'adin sanar da kamfani. Sashe na 12 na kundin ya hana wa'adin ya gaza kwanakin aiki biyar daga ranar da ka san abin ya faru. In ɓarayi sun shiga cikin hargitsin sun kwashi kaya, wannan awa 48 ne, kuma sai ka haɗa da takardar 'yan sanda ko jandarma.

Ka kira wakilinka ko dillalinka a ranar, ba laifi. Zai ce maka, "Alhaji, kada ka damu, zan yi magana da su." Ka yi masa godiya, sannan ka rubuta wasiƙa. A ciki ka sa sunanka, lambar kwantiragi, adireshin gida, ranar da lokacin da ka ga ruwan, inda kake zaton ya fito, ɗakunan da kayan da ya taɓa, matakan da ka ɗauka, da sunan duk maƙwabcin da abin ya shafa. Ka rufe da cewa cikakken lissafin asara na tafe, kuma kana riƙe da haƙƙin ƙara abin da zai bayyana daga baya. In Faransancinka bai kai ba, ka sa wanda ka yarda da shi ya rubuta ya karanta maka. Kada ka faɗi sanadin da ba ka tabbatar ba. "Ruwa na fitowa daga bangon banɗaki" ya isa. "Bututun ya daɗe yana yoyo" kuwa, ka miƙa musu wuƙar da za su yanka ka da ita, alhali wataƙila ba haka ba ne.

Ka kai kwafi biyu ofishinsu. Su karɓi ɗaya, su buga wa ɗayan hatimi da kwanan wata su ba ka. Wannan kwafin shi ne dukiyarka. Ka nemi lambar fayil da sunan wanda ke riƙe da shi, domin sau da yawa ofishin Garwa ko Marwa karɓa kawai yake yi, hukuncin daga Duwala ko Yawunde yake fitowa. In ka makara, kada ka fasa. Sashe na 20 ya ce ba za a hana ka haƙƙinka saboda jinkiri ba sai kamfani ya tabbatar jinkirin ya cutar da shi, kuma ba a kama mutum da jinkirin da abin da ya fi ƙarfinsa ya jawo, kamar hanya ta yanke.

In ɓarnar babba ce, ko kana ganin mai ƙiyasi, wanda kamfani ke turowa ya auna ɓarnar, zai daɗe bai zo ba, ka ɗauko wisiye, ma'aikacin shari'ar nan da ke zuwa ya rubuta abin da idonsa ya gani. Da kuɗinka ne, amma takardarsa na da nauyin da hoton waya ba shi da shi.

Idan da maƙwabci a ciki

A gidan bene ko gidan haya mai sassa da yawa, ruwan wani kan sauka a kan wani. Al'adarmu ita ce na sama ya sauko ya ce, "Malam, don Allah a yi haƙuri," na ƙasa ya ce, "Haba, ba komai, ƙaddara ce, na yafe." Zumunci ya yi kyau, amma ka san abin da ke biyo baya. Sashe na 42 ya ba kamfanin da ya biya ka damar bin wanda ya jawo ɓarnar, kuma in kai ne ka toshe masa wannan hanya, yana iya rage abin da zai ba ka ko ya janye gaba ɗaya. Ka karɓi haƙurinsa da fuska a sake, amma kada ka sa hannu a takardar yafe diyya. Ku cika takarda ɗaya tare, ku faɗi abin da ya faru, kowa ya kai wa kamfaninsa.

In ruwanka ne ya ɓata na wani, ka faɗi gaskiyar abin da ya auku, amma kada ka yi alkawarin kuɗi ko ka yi sulhu a gaban mai unguwa ba da sanin kamfaninka ba, don suna iya cewa sulhun bai ɗaure su ba. Ɗan haya kuma ya sanar da mai gida a rubuce a ranar: gini na mai gida ne, kayan ɗaki na ɗan haya, kowa da inshorarsa.

Lissafin asara da ranar mai ƙiyasi

Ka ɗauki littafi ka bi ɗaki-ɗaki: sunan kaya, shekarar saye, kuɗin da aka saya, kuɗinsa a kasuwa yau. Rasit in akwai. In babu, hoton biki ko na suna da ya nuna kujerun a falo yana taimakawa, haka saƙon biyan kuɗi ta waya. Akwatunan lefe a buɗe su a ƙirga turamen atamfa ɗaya-ɗaya. Kayan sayarwa da aka ajiye a gida, buhunan albasa ko katan-katan na shago, yawanci inshorar gida ba ta ɗaukarsu. Tsabar kuɗi da gwal ma ko dai a ware suke ko an sa musu iyaka. Kada ka ƙara ko da abu ɗaya da bai lalace ba. Kwantiragi kan ce wanda ya kumbura lissafi da gangan ya rasa duka, kuma masu ƙiyasi sun san farashin kasuwa sarai.

Na gini kuwa, ka samo ƙiyasin aiki a rubuce daga magina biyu, da na kafinta, mai fenti da mai wayarin, kowanne ya raba kuɗin kaya da na hannu, ya faɗi faɗin wurin a mita. Takardar da ta ce "gyaran falo, 800,000" kawai ba ta da amfani.

Ranar da mai ƙiyasi zai zo, ka kasance a gida da kanka, maginin ka na gefe. Ka tuna kamfani ne ya turo shi, shi ke biyansa. Wannan bai sa shi maƙiyinka ba, amma abin da ba ka nuna masa ba ba zai nema maka ba. Ka kai shi bayan kabad, ka ƙwanƙwasa tayil ya ji wanda ya saki, ka nuna ƙofar katakon da ta kumbura ta daina rufuwa, ka sa a buɗe soket ya ga tsatsa. In ya miƙo takarda ka sa hannu, ka karanta. Wadda ke cewa ya zo ya gani daban, wadda ke cewa ka amince da adadi daban. Ka nemi kwafin rahotonsa a rubuce.

Yadda kuɗin ke raguwa

Sashe na 31 ya ce diyya ba ta wuce darajar abu a ranar da ya lalace. Ga misali da alƙaluman da na ɗauka don bayani kawai. Gyara ya kama sefa 2,000,000. Mai ƙiyasi ya cire kashi 20 cikin ɗari na tsufa, saura 1,600,000. Sai ya auna gidan ya ce darajarsa miliyan 20 ce, kai kuwa miliyan 15 ka yi wa inshora, wataƙila don ka ƙara ɗakuna biyu ba ka sanar ba. Sashe na 35 ya ce kai ne mai inshorar kanka a kan ragowar, don haka kashi 75 cikin ɗari za a biya, 1,200,000. A cire faranshiz, kason da ka yarda tun farko za ka ɗauka da kanka, a ce 100,000. Abin da zai shigo hannunka 1,100,000.

Wurin da ya fi karɓar jayayya shi ne tsufa. In bara ka yi fenti ko ka sake silin, rasit ɗin aikin zai rage kason. In kwantiraginka na da sharaɗin biyan kuɗin sabo, za a fara ba ka na tsohon, cikon sai ka gama gyara ka kai rasit cikin wa'adin da aka rubuta. Gidan da ke jingine a banki kuma, bankin na da haƙƙi a kan diyyar, ka je ku yi magana tun kafin cek ya fito.

In tayin bai yi maka ba

Kada ka sa hannu a takardar da ke cewa an sallame ka gaba ɗaya. Ka rubuta musu abin da ba ka yarda da shi ba, layi-layi, ka nemi a ba ka kason da babu gardama a kansa don aiki ya fara. In sun ƙi biya ɗungurungum, su ba ka dalili a rubuce da lambar sharaɗin. Yawancin kwantiragi sun ba ka damar ɗaukar naka mai ƙiyasin da kuɗinka. In su biyun ba su daidaita ba, a naɗa na uku, ku raba kuɗinsa. Ka auna tukuna: in bambancin bai fi kuɗin ɗaukarsa ba, bai cancanci wahalar ba.

Bayan wannan akwai sashen kula da inshora na ma'aikatar kuɗi, a Yawunde ko Njamena, inda ake kai ƙorafi da kwafin duk takardu. Sai kotu, wadda a maganar gini ita ce ta inda gidan yake, ba sai ka tafi Duwala ba. Ka riƙe sashe na 28 da kyau: shekara biyu daga faruwar abin, haƙƙin ƙara ya faɗi. "Ka dawo mako mai zuwa" ba ya tsayar da wannan agogo. Naɗa mai ƙiyasi yana katse shi, haka wasiƙar neman biya da aka aika ta gidan waya mai rajista da shaidar karɓa.

Gyaran kansa

Sai mai ƙiyasi ya gama, ko kamfani ya ba ka izini a rubuce, sannan a fara. A gyara sanadin tukuna, a buɗe ruwa a gwada, a rufe duk famfuna a duba ko mita na juyawa. In tana juyawa, akwai sauran yoyo. Fumfuna kan fara fitowa cikin kwana ɗaya zuwa biyu a wuri mai danshi, don haka a buɗe tagogi, a kunna fanka, a janye kaya daga bango. Inda ruwan kwata ya shiga a wanke da ruwan jabel, wato bilic, da safar hannu, kuma kada a haɗa shi da wani maganin wanki.

Kada ka bari mai fenti ya gaggauta ka. Bangon bulo da ya sha ruwa a watan Agusta yana ɗaukar makonni kafin ya bushe har ciki, fentin da aka shafa a kan danshi kuwa zai kumbura ya ɓare, kamfani ba zai biya sau biyu ba. Ka manna ledar da ba ta da huji a bangon, ka like gefunanta da salatif, ka bar ta kwana ɗaya. In ka ga raɓa a cikinta ko wurin ya yi duhu, bai bushe ba. Wanda zai iya haƙuri har iskar hunturu ta fara kaɗawa, fentinsa zai fi daɗewa. Mai wayarin ya gwada kowane layi kafin a mayar da wuta ɗakunan da suka jiƙe.

In an buɗe silin ko an ɗaga tayil aka ga ɓarnar da ba ta cikin rahoto, a tsayar da aiki a wurin, a yi hoto, ka rubuta wa kamfani da lambar fayil ɗinka kafin a rufe. Kowane ma'aikaci ya ba ka rasit mai suna, kwanan wata da bayanin aikin da ya yi, ka haɗa su da hotunan bayan gyara ka kai musu, su buga maka hatimi a kwafinka.